BABI NA HUƊU: TARKEN SHIRIN "KWAMFUTA ƊAYA GA KOWANE YARO" A MATSAYIN HANYAR KOYARWA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ire-iren kayan aikin da malamin Hausa kan yi amfani da su a cikin aji, tun daga allo da alli har zuwa rediyo da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta. A wannan babi kuwa za a ɗauki shiri guda ɗaya ne a yi masa tarke, domin a ga abin da ya yi alkawari da abin da ya iya cikawa. Shirin da aka zaɓa shi ne wanda aka fi sani da OLPC, wanda manufarsa ita ce a mallaka wa kowane yaro ɗan firamare a ƙasashe matalauta 'yar ƙaramar kwamfuta tasa ta kansa. An zaɓe shi ne saboda Nijeriya tana cikin ƙasashen farko da aka gwada shi, kuma saboda ra'ayin da aka gina shi a kai bai mutu ba. Alal misali, a shekarar 2013 gwamnatin Jihar Osun ta fara raba wa ɗaliban manyan azuzuwan sakandare wata kwamfutar hannu da ta sa wa suna Opon Imo, kuma duk lokacin da aka yi irin wannan rabo, tunanin da ke bayansa guda ne: a miƙa wa yaro na'ura, ilimi zai biyo baya.

4.1 Asalin Shirin

Wanda ya ƙirƙiro shirin shi ne Nicholas Negroponte, malami a Jami'ar MIT ta ƙasar Amurka. Ya fara shelanta shi a watan Janairu na 2005 a taron tattalin arziki na Dabos, inda ya ce za a ƙera kwamfutar da kuɗinta ba zai wuce dala 100 ba. A watan Nuwamba na wannan shekara aka nuna samfurinta a birnin Tunis, a gaban Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, Kofi Annan. Samfurin yana da wani hannu da ake juyawa domin a samar da wuta a inda babu lantarki, sai ga shi hannun ya ɓalle a wurin nunin. Daga baya ma aka cire shi daga ƙirar baki ɗaya. Da aka fara ƙera kwamfutar, wadda aka sa wa suna XO, da yawa a ƙarshen 2007, kuɗinta ya kai kimanin dala 188.

Sai dai ba ƙirar ce ta fi muhimmanci ga wannan nazari ba, ra'ayin ne. Negroponte ya ɗauko shi daga abokin aikinsa Seymour Papert, wanda ya yi aiki tare da masanin halayyar yara Jean Piaget, kuma yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro harshen kwamfuta na yara mai suna Logo a 1967. A ganin Papert, yaro ya fi koyo idan yana ƙera wani abu da hannunsa, yana kuskure yana gyarawa, kuma kwamfuta ita ce kayan ƙirar da ta fi kowace yalwa. Wannan magana ce mai ma'ana, babu malamin kirki da zai musa ta. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda masu shirin suka miƙe ta har ta koma cewa yaro ba ya bukatar kowa in dai yana da na'ura.

4.2 Gwajin Galadima

A shekarar 2006 an yi ta yaɗa labarin cewa gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo za ta sayi kwamfutocin guda miliyan ɗaya. Kafin a kai ga haka, sai aka fara gwaji a watan Maris na 2007 a wata makarantar firamare ta gwamnati da ke Galadima, a gefen birnin Abuja, inda aka raba kwamfutoci kimanin 300. Da yake makarantar ba ta da wuta, sai da aka kai janareta, aka kuma kafa faifan tauraron ɗan'adam domin samun intanet. Rahotannin da aka bayar a lokacin sun nuna cewa yaran sun yi murna ƙwarai, sun kuma koyi sarrafa na'urar cikin 'yan kwanaki. Har wani ɗan wurin gyara aka buɗe a makarantar, inda yaran da kansu suke kwance waɗanda suka lalace suna gyarawa. Wannan abin yabo ne, kuma bai kamata mai tarke ya tsallake shi ba.

To amma kafin shekara ta ƙare matsaloli sun taru. A watan Yuli Kamfanin Dillancin Labarai na Nijeriya ya ba da rahoton cewa an sami hotunan batsa a cikin wasu daga cikin kwamfutocin, domin an haɗa yara ƙanana da intanet ba tare da an sa matata ba. Zuwa watan Nuwamba, gidan rediyon BBC ya ruwaito cewa fiye da guda 40 sun lalace, ko sun ɓace, ko an sace su. Ministan ilimi na sabuwar gwamnatin Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa, Igwe Aja-Nwachukwu, ya fito fili ya nuna shakkarsa game da hikimar raba kwamfuta ga yaran da ba su da ko kujerar zama. A gefe guda kuma kamfanin Intel yana tallar tasa kwamfutar mai suna Classmate, wadda ya gwada a wata ƙaramar sakandare da ke Jabi. Bugu da ƙari, wani kamfani mai suna Lancor ya shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, yana zargin an kwaikwayi fasalin madannansa na rubuta harsunan Nijeriya, yana neman diyyar dala miliyan 20. Miliyan ɗayan da aka yi ta zance dai ba a saye su ba.

Mai karatu zai lura cewa a duk wannan labari babu inda aka ambaci karatu. An ƙirga kwamfutocin da aka raba, an ƙirga waɗanda suka lalace, an san kuɗin kowace, amma tambayar da uba zai fara yi, wato ko yarona ya fi iya karatu da lissafi yanzu, ba ita ce aka gina gwajin a kanta ba. A ganin mai wannan nazari, wannan shi ne babban aibin gwajin, ya fi batun batsa da na kotu nauyi, domin waɗancan ana iya magance su da matata da lauya.

4.3 Matsayin Malami a Cikin Shirin

Shirin ya shimfiɗa wa kansa ginshiƙai biyar: yaro ne zai mallaki kwamfutar ya tafi da ita gida, za a fara da ƙananan yara 'yan shekara 6 zuwa 12, za a wadata kowane yaro a yankin da aka shiga, za a haɗa su da intanet, sannan manhajojin da ke ciki za su zama na kyauta waɗanda kowa zai iya gyarawa. Duk wanda ya duba waɗannan ginshiƙai da kyau zai ga babu malami a cikinsu. Ba mantuwa aka yi ba. Negroponte ya sha bayyana cewa malaman ƙasashe matalauta ba su da isasshen ilimi, wasunsu ma ba sa zuwa aiki, saboda haka gara a zagaye su a je wurin yaro kai tsaye. A 2011 har cewa ya yi zai so a jefa kwamfutoci daga jirgi mai saukar ungulu a ƙauyuka, a dawo bayan shekara a ga ko yara sun koyi karatu. A 2012 aka yi kwatankwacin haka a ƙauyuka biyu na ƙasar Habasha, Wonchi da Wolonchete, inda aka ajiye akwatunan kwamfutar hannu ba tare da mai koyarwa ba. An ba da labarin yara suna rera waƙar haruffan Ingilishi, amma rera haruffa daban, karanta jimla a fahimce ta daban.

Zargin da aka yi wa malamai ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, duk wanda ya yi firamare ta gwamnati ya san haka. Amma idan malami ya gaza, hanyoyi biyu ne a gaba: ko a gyara shi, ko a nemi abin da zai maye gurbinsa. Shirin ya ɗauki ta biyu ba tare da ya fara tabbatar da cewa na'urar za ta iya ɗaukar wannan kaya ba.

Amsar ta zo daga ƙasar Peru, wadda ta sayi kwamfutocin fiye da 800,000. Masu bincike na Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka, ƙarƙashin Julian Cristia, sun bi makarantun karkara 319, waɗanda aka yi ƙuri'a aka ba kimanin kashi biyu cikin uku daga cikinsu kwamfutoci, aka bar sauran domin kwatanci. Bayan wata 15 aka yi wa yaran jarrabawa, aka fitar da sakamakon a 2012. Yaran da suka sami kwamfuta sun ƙware wajen sarrafa ta, sun kuma ɗan fi sauran a gwajin kaifin tunani, amma a lissafi da harshe babu wani bambanci da aka gani. Dalilin ba boyayye ba ne. Abin da ke cikin na'urar ba a ɗaure shi da manhajar karatun da ake bi a aji ba, kuma horon da aka ba malamai kaɗan ne, don haka da yawansu sai suka mayar da ita littafin kwafar rubutu daga allo. Kwalliya dai ba ta biya kuɗin sabulu ba.

A nan ya kamata a waiwayi wani abu da Bahaushe ya daɗe da sani. Tsarin "abu ɗaya ga kowane yaro" ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin a makarantar allo kowane almajiri da allonsa, shi ya mallake shi, da shi yake kwana. Masassaƙin gari ne ya sassaƙa shi, tawadar a gida ake dafa ta, alƙalamin kuma in ya karye sai a fere wani. Amma ba allon ne ke koyarwa ba. Malam ne ke rubuta wa kowane yaro daidai inda ya tsaya, mai babbaƙu daban, mai farfaru daban, wanda ya yi nisa a surori daban, kuma yaro ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam an tabbatar ya iya, sannan a yi masa ƙari. Ba ana nufin makarantar allo ba ta da nata matsalolin ba, wannan wani fage ne daban. Abin nufi shi ne, amfanin allon yana cikin wannan zagaye na rubutawa da biyawa da ƙari. Da za a raba wa yara alluna dubu a watse a bar su, da itace kawai aka raba. Masu shirin OLPC sun ɗauki allon sun bar zagayen.

Akwai kuma shaidar cewa na'ura tana aiki idan aka sa ta a cikin irin wannan zagaye. A birnin Delhi na ƙasar Indiya, Karthik Muralidharan da abokan aikinsa sun yi nazarin wata manhaja mai suna Mindspark a kan ɗalibai 619, aka buga sakamakon a 2019. Manhajar takan fara gwada yaro ta gano ainihin matakinsa, wanda sau da yawa yakan kasance shekara biyu ko fiye a bayan ajin da yake, sannan ta riƙa ba shi aiki daidai ƙarfinsa, ba ta matsa gaba sai ya iya. Rabin lokacin yaran suna gaban kwamfuta, rabin kuma suna tare da mai koyarwa. Cikin wata huɗu da rabi suka zarce takwarorinsu sosai a lissafi da kuma harshen Hindi. Haka nan a yankin Kisumu na ƙasar Kenya, Benjamin Piper da abokan aikinsa sun kwatanta hanyoyi uku a cikin wani shirin koyar da karatu: a ba kowane yaro na'urar karatu, ko a ba malami kwamfutar hannu, ko a ba jami'in da ke zagayawa yana duba malamai. Sakamakon da suka buga a 2016 ya nuna cewa ba wa kowane yaro na'ura, duk da ita ce hanya mafi tsada, ba ta haifar da abin da ya fi na sauran ba. Wadda ta fi biyan kuɗinta ita ce ta mai duba malamai.

4.4 Matsalar Harshe

Wannan ita ce gaɓar da ta fi shafar ɗalibin Hausa, kuma ita ce masu sharhi a kan shirin suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Alkawarin da aka yi shi ne, da zarar an haɗa yaro da intanet, ilimin duniya ya buɗe masa. Amma da wane harshe? Yaron aji biyu a ƙauyen Kano ko Katsina yakan zo makaranta da Hausa tsantsa a bakinsa, bai iya karanta ta ba tukuna, balle Ingilishi. Idan aka buɗe masa taskar da kusan duk abin da ke cikinta da Ingilishi yake, abin da zai iya ɗauka shi ne wanda ba ya bukatar karatu, wato hoto da kiɗa da wasa. Saboda haka idan aka ga yara sun karkata ga waɗannan, ba lalacewarsu ba ce, iyakar abin da ƙofar ta buɗe musu ke nan.

Ba wannan ne karon farko da aka yi irin wannan lissafi a wannan yanki ba. A 1964 aka fara koyar da 'yan firamare ta hanyar talabijin a kewayen Yamai ta Jamhuriyar Nijar, da kuɗi da ƙwararrun Faransa, da harshen Faransanci, aka sa masu kula waɗanda ba su da zurfin horo su tsaya a madadin malamai. Baƙi masu ziyara sun yaba da shirin, amma ya shafe shekaru bai wuce azuzuwa ashirin da 'yan kai ba, daga baya kuma aka daina shi.

Dole a yi wa OLPC adalci a wuri guda. Madannan da aka tsara domin Nijeriya sun ƙunshi haruffa masu ƙugiya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun cikin shekarun 1930 da aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ a rubutun boko, marubucin Hausa yake fama da injin da bai san su ba. A zamanin tafireta sai an gama bugu a bi da biro ana sa ƙugiya, kuma a cikin shekarun 1990 sai da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro wasu haruffan kwamfuta na musamman domin wannan bukata. Ga babba wanda ya riga ya iya karatu, rashin ƙugiya ba ya hana shi ganewa, domin jimla za ta nuna masa ko ƙasa ake nufi ko kasa, ko ɗaki ko daki. Ga yaron da yake haɗa baƙi da wasali yanzu kuwa, wanda sautin da ke kunnensa yake nema a kan takarda, rubuta masa "kafa" alhali ana nufin "ƙafa" rushe masa ginin ake yi. To amma madannai ƙofar shigar da rubutu ce kawai. Abin da ya fi su wuya, ya kuma fi su tsada, shi ne a zauna a rubuta ɗaruruwan gajerun labarai da darussa da Hausa, a jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, a ɗauki muryar wanda zai furta su da karin sauti da tsawon wasali daidai, tun da rubutunmu ba ya nuna waɗannan biyu. Wannan aikin marubuta ne da masana harshe da malaman firamare, ba na injiniya ba, kuma shirin ya bar shi ne ga 'yan sa-kai.

Idan aka kwatanta da shirin Mu Karanta da aka gudanar a jihohin Bauchi da Sakkwato daga wajen 2016, za a ga bambancin tunani. Can an fara ne daga gwajin da ya nuna cewa mafi yawan 'yan ƙananan azuzuwa ba sa iya karanta kalmar Hausa ko ɗaya, sannan aka rubuta littafin ɗalibi da jagoran malami da Hausa, aka horar da malamai a kansu. Wato an fara gano ciwon kafin a nemi magani. Game da manufar gwamnati kuwa, ta yi ta sauyawa: manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara koyarwa da harshen uwa, a 2022 aka faɗaɗa hakan zuwa dukkan shekaru shida na firamare, a watan Nuwamba na 2025 kuma ministan ilimi ya sanar da soke wannan, aka koma Ingilishi. Ko wace manufa ake bi, yaron da harshen da ya zo da shi zai zo, kuma na'urar da ba ta jin wannan harshe ba ta da ta inda za ta gano inda ya tsaya.

4.5 Abin da Ba a Musa Ba

Kada a fahimci wannan tarke a matsayin kira ga a nisanta yara daga kwamfuta. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta shiga jami'a kacokan a kan kwamfuta, saboda haka ɗalibin karkara da bai taɓa dafa madannai ba sai ranar jarrabawa an riga an cuce shi, ko da ya fi kowa sanin darasin. Ƙasar Yurugwai, wadda ta fara nata rabon a 2007 ta kuma kammala wadata 'yan firamarenta a 2009, ita ma binciken farko bai nuna ƙaruwa a karatu da lissafi ba. Amma da yake ta kafa hukuma ta dindindin mai gyara da horar da malamai da shirya darussa, lokacin da annobar korona ta rufe makarantu a 2020 yaranta sun ci gaba da karatu daga gida, a daidai lokacin da jihohin Arewa suka koma ga rediyo da talabijin.

Iya sarrafa kwamfuta fanni ne mai zaman kansa, kuma XO ta koyar da shi. Abin da ba ta yi ba shi ne koyar da karatu da rubutu, wanda shi ne aka karɓi kuɗin gwamnatoci da sunansa. A wata makarantar firamare da mai nazari ya ziyarta yayin tattara bayanai, an nuna masa ɗakin kwamfuta a kulle, na'urorin a lulluɓe da leda, mabuɗin yana wurin hedimasta, wanda ya ce yana tsoron kada wani abu ya lalace a cire a albashinsa. A ajin da ke maƙwabtaka da ɗakin kuwa, malamar Hausa ce take koyar da gaɓar kalma da littafi ɗaya tak, wanda take ɗagawa sama domin na baya su hango. A babi na biyar za a kawo bayanan da aka samu daga irin waɗannan malamai game da kayan aikin da suka ce sun fi bukata.